Chen Yanyan: Tauraruwar Shanghai da ta koma uwa a finafinan faɗa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Canis a gidajen bidiyo, daga Kano har ƙauyukan Mubi irin su Duvu, ya san wata mata da ba a tambayar sunanta: uwa ko matar malami, wadda ke tsaye a bakin ƙofa cikin zullumi yayin da maza ke zare takubba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe wannan gurbi ita ce Chen Yanyan, kuma kafin ta tsaya a bakin ƙofar nan, sunanta ne ke cika gidajen sinima a ƙasar Sin.

An haife ta a 1916 a Ningbo, ta girma a Beijing. Tun tana budurwa ta shiga kamfanin Lianhua na Shanghai, a zamanin finafinan da babu magana a cikinsu, inda fuska da idanu ke ɗaukar nauyin labari. Ta fito tare da shahararriyar jaruma Ruan Lingyu a Love and Duty na 1931, sannan a Three Modern Women. A The Big Road na darakta Sun Yu, labarin matasan da ke gina hanya domin kare ƙasarsu, ita ce yarinya mai kunya da ke hidima a gidan abinci. Masu kallo sun fi saninta da rawar mace mai haƙuri wadda ƙaddara ke juya wa baya.

Bayan sauyin mulkin 1949 ta koma Hong Kong. Shekaru sun ja, sababbin fuskoki sun taso, sai aka riƙa ba ta rawar uwa. A The Love Eterne na kamfanin Shaw Brothers, a 1963, ita ce mahaifiyar jarumar.

Daga nan kasuwa ta juya. Darakta Chang Cheh ya ƙudiri aniyar mayar da maza da jarumtarsu tsakiyar labari, kuma a 1967 ya fitar da One-Armed Swordsman, fim na farko a Hong Kong da ya tara dala miliyan ɗaya ta ƙasar. Jimmy Wang Yu ne jarumin mai hannu ɗaya. Chen kuwa matar malamin takobi ce, ba ta kai sara ba, ba ta kare ba. Amma faɗa ba ya taɓa zuciya sai in akwai gidan da ake tsoron rushewarsa, kuma fuskarta ce ke nuna wannan gida. Abin da ta koya a zamanin fim marar magana shi ya yi mata rana.

A ƙarshen rayuwarta darakta Stanley Kwan ya neme ta domin fim ɗin Center Stage, kan rayuwar Ruan Lingyu wadda ta rasu tun 1935. A nan ta bayyana da sunanta na gaskiya, tsohuwa mai ba da shaidar zamanin da saura kaɗan suka rage daga cikin mutanensa.

Ta rasu a Hong Kong a 1999, tana da shekara 83. Wanda ya taɓa riƙe babban ofis, daga baya aka mayar da shi teburin gefe bai fasa zuwa aiki a kan lokaci ba, zai gane irin rayuwar da ta yi.