Tarihin Jon Postel, mutumin da ya riƙe amanar sunayen intanet

Duk ɗalibin da ya tashi daga Burumburum ko Kiru ko Doguwa ya je ya cike takardar jarrabawa a wani shafi da adireshinsa ya ƙare da .ng, da duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika saƙon imel daga Maraɗi, sun ci moriyar aikin wani Ba'amurke wanda mutane ƙalilan ne suka san sunansa.

Marigayi Jon Postel ya shafe kusan shekaru 30 yana riƙe da rajistar lambobi da sunayen intanet. Gwamnatin Amurka ce ke biyan kuɗin aikin, amma ikon da yake da shi ya samo asali ne daga yardar da injiniyoyin duniya suka yi da shi. Lokacin da manyan kamfanoni da 'yan siyasa suka farga da darajar abin da ke hannunsa, sai wannan yarda ta shiga gwaji mai tsanani.

Haihuwa da karatu

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga watan Agusta na shekarar 1943 a garin Altadena da ke jihar Kalifoniya. Ya yi makarantar sakandare ta Van Nuys, wadda Vint Cerf da Steve Crocker su ma suka yi, kuma su ukun sun zamo cikin waɗanda suka aza harsashin intanet.

Ya samu digirinsa na farko a fannin injiniya a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a shekarar 1966, na biyu a 1968, sannan digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1974.

Yana ɗalibi ne a wannan jami'a lokacin da hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, ta soma haɗa kwamfutocin jami'o'i ta layukan tarho. Ranar 29 ga watan Oktoba na 1969 aka aika saƙo na farko daga ɗakin gwajin da Postel ke aiki zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Wannan haɗi da aka kira ARPANET shi ne daga baya ya haifi intanet.

Bayan ya taɓa aiki a wasu cibiyoyi, a shekarar 1977 ya koma cibiyar ISI ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Marina del Rey, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. An san shi da dogon gemu da takalma masu maɗauri da ƙarancin magana, kuma ba abin da ya fi so a lokacin hutu irin yawo a ƙafa cikin duwatsu.

Takardun da aka bar wa kowa

Kafin kwamfutoci biyu su fahimci juna, dole su bi ƙa'ida guda wajen shirya saƙo da aika shi da karɓarsa. Ɗaliban da aka ɗora wa aikin rubuta waɗannan ƙa'idoji ba su ɗauki kansu a matsayin masu ba da umurni ba, don haka a watan Afrilun 1969 Steve Crocker ya sa wa takardunsu suna RFC, ma'ana neman jin ra'ayin jama'a.

Tun farkon shekarun 1970 Postel ya zama editan waɗannan takardu, kuma ya rubuta fiye da 200 daga cikinsu, shi kaɗai ko tare da wasu. Cikinsu akwai na watan Satumban 1981 da suka fayyace tsarin TCP/IP, wanda intanet ke tafiya a kansa, da ta 1982 wadda ta tsara yadda ake aika imel.

Sharaɗin takardun shi ne kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya yi aiki da su ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ya ga kuskure sai ya rubuto gyara. Postel kuma yakan ja hankalin masu rubuta manhaja da su tsananta wa kansu a kan abin da suke aikawa, su sassauta a kan abin da suke karɓa daga wasu.

Shi dai ba jagoran masu fafutukar sakin manhaja kyauta ba ne, kamar Richard Stallman wanda ya soma shirin GNU a 1983. Amma a kan ƙa'idojin da ya tace ne wannan al'umma ta yi gini. Jami'ar Berkeley ta sa TCP/IP cikin manhajarta ta Unix a 1983, inda ta bazu zuwa jami'o'i da asalin rubutunta a buɗe. Daga can ne kuma manhajojin BIND da Sendmail suka fito. Linux, wadda Linus Torvalds ya soma yana ɗalibi a Finlan a 1991, ta girma ne da taimakon mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sai ta imel.

Wannan hanya ta samu kishiya mai ƙarfi. Gwamnatocin Turai da manyan kamfanonin tarho sun goyi bayan wani tsari mai suna OSI, wanda kwamitoci ke tsarawa, ake kuma sayar da takardunsa. Ita kanta gwamnatin Amurka ta wajabta shi ga ma'aikatunta a 1990. Sai dai kafin kwamitocin su kammala muhawara, tsarin kyauta ya riga ya shiga ko'ina, kuma kamfanoni irin su Sun da Cisco sun gina dukiyarsu a kansa.

Rabon sunayen ƙasashe

A shekarar 1972 Postel ya ba da shawarar a samu mutum guda da zai riƙa rubuta wace lamba aka ba wane aiki, don gudun karo, ya kuma ɗauki nauyin da kansa. Wannan ɗawainiya ce ta zama ofishin IANA, wanda ya gudanar tare da abokiyar aikinsa Joyce Reynolds.

Bayan Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin sunaye a ISI a 1983, aka samu .com da .edu da .org, kowace ƙasa kuma aka ware mata haruffa biyu. Don kauce wa rikicin yanke hukunci a kan wace ce ƙasa, Postel ya jingina da jerin sunayen da hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta riga ta fitar. A nan Nijeriya ta samu .ng, Nijar ta samu .ne, Gana kuma .gh.

Yakan damƙa sunan ƙasa ga wanda ya fara nema, muddin yana da ƙwarewa kuma mutanen ƙasar da ke harkar ba su ƙi shi ba. A wata takarda ta watan Maris 1994 ya bayyana cewa mai riƙe da sunan ƙasa wakili ne da aka ba amana, kuma abin da ya kamata ya dame shi shi ne hidima ga jama'a, maimakon batun mallaka. Wanda ya san hukuncin waƙafi ba zai ji wannan magana baƙuwa ba.

An miƙa .ng a shekarar 1995 ga wata malama a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, yayin da na'urorin da ke ɗauke da shi suke birnin Pisa na Italiya. Daga baya taƙaddama ta ɓarke a kan wanda ya cancanci riƙe shi, har sai da shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Wannan rikici ya nuna iyakar tsarin da ya dogara ga amanar mutum guda.

Shigowar kuɗi

A 1993 gidauniyar kimiyya ta gwamnatin Amurka ta ba kamfanin Network Solutions kwangilar rajistar .com da .net da .org. Da farko kyauta ake yi, amma daga watan Satumban 1995 aka ba shi damar karɓar dala 100 a kan kowane suna na tsawon shekaru biyu.

A daidai lokacin ne shafukan intanet suka soma yawaita, kuɗi suka riƙa kwarara zuwa kamfani guda wanda ba shi da abokin gogayya. Masu tambarin kasuwanci kuma suka riƙa kai ƙarar waɗanda suka riga su kama sunayensu.

Postel ya ga mafita ita ce a buɗe sababbin sunaye domin a karya babakeren. Ya mara wa wani kwamiti baya wanda ya kai ga sa hannu a kan wata yarjejeniya a Geneva a watan Mayun 1997, a hedkwatar hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Kamfanin ya yi adawa da ita. A Washington kuma 'yan majalisa da jami'ai sun ƙi jinin a fitar da abin da aka gina da harajin Amurkawa zuwa ƙetare.

Arangama da gwamnati

A wancan lokaci, a ƙolin tsarin sunaye akwai manyan kwamfutoci 13. Guda ɗaya, wadda ke hannun Network Solutions, ita ke riƙe da uwar rajista, sauran 12 kuma daga gare ta suke kwafa.

Ranar 28 ga watan Janairun 1998, Postel ya aika imel ga masu kula da 8 daga cikin 12 ɗin, ya buƙaci su koma kwafa daga na'urar ofishinsa. Suka bi maganarsa. Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba, domin bayanan iri ɗaya ne, amma na ɗan lokaci jagorancin ya bar hannun ɗan kwangilar gwamnati.

Ira Magaziner, mai ba shugaba Bill Clinton shawara, ya kira shi ya umurce shi da ya mayar da komai yadda yake. Postel ya bayyana abin a matsayin gwaji, kuma cikin 'yan kwanaki aka koma tsohon tsari. Har yau masana na saɓani: wasu na ganin gwajin ne kawai, wasu kuma na ganin ya so ya nuna wa gwamnati inda biyayyar injiniyoyi take.

Kwana biyu bayan saƙon nasa, ma'aikatar kasuwanci ta Amurka ta fitar da daftarin shirinta, wanda ya tabbatar da cewa ita ce mai faɗa a ji. A watan Yuni ta ce za ta miƙa aikin ga wata ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Postel ya duƙufa wajen rubuta tsarin wannan ƙungiya, ICANN, wadda aka yi wa rajista a Kalifoniya a watan Satumba.

A farkon wannan shekara ne kuma kamfanin Netscape ya ba da sanarwar buɗe asalin rubutun manhajarsa, wasu masu rubuta manhaja kuma suka zaɓi sabon laƙabi na buɗaɗɗiyar manhaja domin kwantar wa 'yan kasuwa da hankali, matakin da Stallman ya ƙi amincewa da shi. Al'ummar da ta saba aiki don sha'awa ta shiga neman yadda za ta zauna da masu jari ta kowane ɓangare.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

An sa ran Postel ne zai jagoranci ɓangaren fasaha na ICANN, amma rai ya yi halinsa ranar 16 ga watan Oktoba na 1998 a Santa Monica, bayan tiyatar da aka yi masa a zuciya. Yana da shekaru 55. Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa a cikin jerin takardun da ya yi wa edita, a RFC mai lamba 2468.

A shekara ta 2000 kamfanin VeriSign ya sayi Network Solutions a kan kimanin dala biliyan 21. Shi kuwa Postel, albashinsa na ma'aikacin jami'a ya rayu a kai.

Muhawarar da ya bari ba ta mutu da shi ba. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na birnin Tunis a 2005, ƙasashe masu tasowa sun nemi a raba Amurka da wannan iko, abin da bai tabbata ba sai ranar 1 ga watan Oktoban 2016, lokacin da kwangilar gwamnatin ta ƙare.

Kamfanoni kuma sun ci gaba da shiga gonar 'yan sa-kai. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, IBM kuma ya kammala sayen Red Hat a 2019 a kan biliyan 34. A ɗaya gefen, ɓarakar da aka gano a manhajar tsaro ta OpenSSL a 2014 ta tona cewa bankuna da manyan kamfanoni sun dogara ne ga aikin wasu mutane 'yan ƙalilan da ba su da isasshen tallafi.

Takardun RFC dai har yanzu kyauta ake karanta su, kuma adadinsu ya haura 9,000. Ƙungiyar Internet Society, wadda Postel ne mutum na farko da ya yanki katin zama ɗanta, tana ba da lambar yabo da sunansa tun 1999. A shekarar 2007 lambar ta zo Afirka ta Yamma, inda aka ba Dokta Nii Quaynor na ƙasar Gana saboda rawar da ya taka wajen shigo da intanet nahiyar.