Fabiyola ta Roma, Bazawarar da Ta Gina Asibiti

Wanda ya san Katsina ya san Ƙofar 'Yandaka, ta inda Gwamna Lugga ya shiga birni a shekara ta 1903. A zamanin da, in dare ya yi akan rufe ƙofofin birni, wanda ya makara kuwa sai ya kwana a waje, ko da ɗan gari ne, gidan ubansa yana ciki. A cikin ekklesiyoyinmu akwai masu kwana a waje irin wannan. Su ne waɗanda aurensu ya mutu. Wata takan zo sujada ta zauna can baya, kafin a tashi ta fita. Wata ma ta daina zuwa ɗungum. Sabo da su ne muka kawo labarin wata mace ta birnin Roma wadda ta rasu shekaru fiye da 1,600 da suka wuce, sunanta Fabiyola. 'Yan Katolika suna lissafta ta cikin tsarkaka, zawarawa da matan da suka sha wuyar aure kuwa suna ɗaukarta uwarsu. Amma a zamaninta ba a san rabuwar Katolika da sauran ɗariku ba tukuna, don haka labarinta na dukanmu ne.

Abin da aka sani a kanta, yawancinsa daga bakin Jerom ya fito, wato babban malamin nan da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci. Ya san ta ido da ido, bayan rasuwarta kuwa ya rubuta wa danginta Oseyanus doguwar wasiƙa a kan zamanta.

An haifi Fabiyola cikin zuriyar Fabiya, gida ne na sarauta da dukiya tun kafin haihuwar Almasihu. Daga gidan ne aka sami jarumin nan Fabiyus Maksimus wanda ya gajiyar da Hanibal na Afirka da haƙuri har Roma ta tsira. Aka yi mata aure tana yarinya, aka ba ta wani mutum mai mugun hali ƙwarai. Jerom bai faɗi irin laifofinsa ɗaya ɗaya ba, amma ya nuna ko baiwar da aka saya da kuɗi ba za ta iya jimre su ba, balle 'yar babban gida. Fabiyola ta yi haƙuri har haƙuri ya ƙare, ta rabu da shi bisa ga shari'ar Romawa, gama shari'ar ta yarda mace ta nemi saki.

A nan akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Ba ta tona asirin mutumin ba. Mutanen gari suna ta zarginta, suna cewa ta kashe aurenta, ita kuwa ta gwammace ta ɗauki zargin da ta buɗe bakinta a kan wanda ta taɓa zama da shi. Mata da yawa a ƙasarmu sun san wannan kaya. Ana ganin fitarsu daga ɗaki, ba a ganin abin da ya fitar da su.

Jerom mutum ne mai tsanani, harshensa kuwa da kaifi, ba ya raga wa kowa. Duk da haka bai ga laifinta a kan rabuwar ba. Ya kawo maganar Ubangiji cikin Bisharar Matta a kan saki sabo da fasikanci, ya ce abin da aka umarci maza shi ne aka umarci mata. Ya kuma nuna dokar Kaisar dabam, ta Almasihu dabam: dokar Kaisar tana sakar wa namiji linzami ya yi abin da ya ga dama da bayi da karuwai, amma a wurin masu bi abin da ya haramta ga mace ya haramta ga namiji, ma'auni ɗaya ne. Da dattawan ekklesiya suna tuna da wannan sa'ad da aka kawo musu ƙarar aure, da an rage kuka. Sau nawa akan ce wa mace ta koma ta ƙara haƙuri, namijin kuwa ba a ko kira shi ba?

Inda Fabiyola ta yi tuntuɓe shi ne bayan wannan. Tana da ƙuruciya, zaman zawarci ya yi mata nauyi, sai ta auri wani, mijinta na fari kuwa yana da rai. Shari'ar gari ta yarda, amma ekklesiya ba ta yarda ba, gama a wurinta igiyar fari ba ta tsinke ba. Jerom ya yi mata uzuri da cewa ba ta san zurfin koyarwar Bishara a kan wannan ba, ta kuwa ji Manzo Bulus ya ba gwauraye mata masu ƙuruciya shawarar yin aure, ta zaci maganar ta shafe ta. Ya yi mata uzuri, amma bai ce daidai ta yi ba. Ta haka ta rabu da teburin Ubangiji.

Ana nan sai miji na biyu ya mutu. Bazawara mai dukiya a Roma a lokacin ta sami 'yanci ke nan: ta yi ado, ta tafi gidajen wanka, ta zaga gari, masu neman aure su yi ta sintiri. Fabiyola ta zaɓi wata hanya dabam.

A zamanin nan tuba daga babban zunubi ba a asirce ake yinta ba. Mai tuba yakan sa tsummoki, ya zuba toka a ka, ya tsaya a jerin masu tuba a gaban jama'a duka, ba ya karɓar jibin Ubangiji sai ran da bishop ya ɗibiya masa hannu. Sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama a dukan ransa. Manyan mutane da yawa sukan jinkirta ta har gadon mutuwa don gudun kunya. Fabiyola kuwa ana jajiberen Idin Ista ta tafi babbar majami'ar Lateran, wadda ita ce majami'ar Bishop na Roma, ta tsaya cikin masu tuba, gashinta a warwatse, fuskarta ba kwalli ba shafe, ba zinariya ko ɗaya a jikinta. 'Yar gidan Fabiya ke nan, wadda duk Roma ta san sunan kakanninta.

Abin da ya faru a majami'ar ran nan shi ne zuciyar labarin. Jama'a ba su tsaya suna kallo suna raɗa ba. Bishop ya yi kuka, dattawa suka yi kuka, taron duka ya yi kuka tare da ita. A gaban idon ekklesiya duka aka komo da ita cikin zumunta. An ce Paparoma Sirisiyus ne ya karɓe ta, wanda ya riƙe kujerar daga 384 zuwa 399. Ni dai ina ganin hawayen jama'ar nan rabin maganin ne. Mutum yana iya gaskata Allah ya gafarta masa, amma in 'yan'uwa suna matsawa gefe a kan benci sa'ad da ya zauna, miki ba ya rufewa. Su kuwa mutanen Roma da suka karɓe ta, ba su sake ajiye ta a baya ba.

Daga ran nan ta sayar da dukiyarta, dukiya ce kuwa mai yawan gaske, ta mai da ita kuɗi domin matalauta. Wajen shekara ta 390 ta buɗe gidan jiyya a Roma, shi ne na fari irinsa a birnin. A ƙasashen Gabas Bishop Basil na Kaisariya ya riga ya gina irinsa, amma a Yamma ba a saba ba: bawa ko talaka in ya yi ciwo, a bakin titi yake ƙarasawa. Fabiyola takan bi tituna da kanta tana tsince su. Akwai makafi, da masu kumburin ciki, da masu shawara, da waɗanda wuta ta cinye ƙafafunsu, da masu gyambon da tsutsa ta kama. Takan goya su a kafaɗarta ta kai gida. Takan wanke ruɓar da waɗansu ba su iya ko duba, ta ba su abinci a baki da hannunta, wanda yake bakin mutuwa kuwa ta ɗiga masa ruwa a leɓe. Jerom ya ce ya san attajirai masu tsoron Allah da suke yin jinƙai da kuɗinsu ta hannun waɗansu domin cikinsu ba ya ɗaukar wari, bai kuwa zarge su ba. Amma ya sa Fabiyola a gabansu. Kyautarta ta wuce Roma, ta kai ga masu zaman ibada a tsibirai da gaɓar tekun Italiya.

A shekara ta 395 ta shiga jirgin ruwa zuwa Ƙasa Mai Tsarki, ta sauka a Baitalami, inda Jerom yake zaune, inda kuma wata Baromiya mai suna Paula ta kafa gidan ibada na mata da masaukin baƙi. A nan wani halinta ya bayyana, wato ƙishin sani. Ta haddace wata wasiƙar Jerom tun tana Roma. Ta zauna gabansa da Littafin Lissafi, tana tambayarsa ma'anar sunaye da zuriyoyi, da zancen Bal'amu, da zangon 42 da Isra'ilawa suka yi tsakanin Masar da Kogin Urdun. Wani abin ya amsa, wani ya ce bai sani ba. In ya ce bai sani ba sai ta ƙara matsa masa, tana zaton ɓoye mata yake yi don ba ta isa ba. Malamin da manyan bishop suke shakkar alƙalaminsa, ga bazawara ta tsare shi da tambaya har ya yi alkawari zai rubuta mata littafi a kan zangon nan.

Ta so ta zauna a Baitalami. Ana cikin nema mata gida sai labari ya zo mayaƙan Hun sun ɓarko daga arewa bisa dawakai, sun firgita ƙasashen Gabas har wajen Antakiya, ana jin tsoro za su kai Urushalima. Ga kuma gardama ta tashi tsakanin Jerom da Yohanna, Bishop na Urushalima, a kan koyarwar Orijin. Sai ta koma Roma, ta zauna a gidan aro a birnin da dā take da manyan gidaje. Ta haɗa hannu da wani ɗan majalisa mai suna Pamakiyus, surukin Paula, wanda matarsa ta rasu, suka gina babban masauki a Portus, tashar jiragen ruwa a bakin Kogin Tiba, domin baƙi da matafiya marasa galihu.

Mai karatu zai so ya san inda Ekklesiyar Katolika ta tsaya a kan wannan a zamaninmu, gama da yawa cikin 'ya'yanta ma ba su sani ba. Ba ta sake koyarwarta a kan igiyar aure ba. Amma dokarta ta 1983 ta ba mace ko namiji izinin barin gida in zaman ya zama hatsari ga jiki ko ga rai. Tun 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta cewa wanda aurensa ya rabu bai kuwa sake wani ba, babu abin da ya hana shi jibin Ubangiji; waɗanda suka sake aure kuma kada su ɗauka an raba su da ekklesiya, a jawo su cikin jin Maganar Allah da addu'a da aikin jinƙai. A 2015 Paparoma Faransis ya sauƙaƙa hanyar binciken da kotun ekklesiya take yi don a gane ko auren fari ya ƙullu tun asali, a 2016 kuma ya sake nanatawa cewa waɗannan 'yan'uwa ba korarru ba ne, ya ce a yi tafiya tare da su, a duba al'amarin kowa da kansa. A Katsina, inda aka kafa dayosis a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa, ba sai an kai irin wannan magana Sakkwato kamar dā ba. Matar da ta shekara biyar ba ta matso gaban bagade ba don kawai miji ya kore ta, wataƙila ba wanda ya taɓa gaya mata ba a rufe mata ƙofa ba. Wannan aikin fada ne, da katikis, da zumuntar mata, su je har gida su faɗa mata.

Fabiyola ta ji kwananta ya kusa, ta aika wa waɗansu masu zaman ibada su zo su kwashe sauran kuɗin da ke hannunta. Ta rasu a Roma wajen ƙarshen shekara ta 399, ana tunawa da ita kowace ran 27 ga Disamba. Ran jana'izarta birnin ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Tituna suka cika, da shirayi, da bisa soraye, ana rera zabura, muryar Halleluya tana girgiza rufin majami'u. Jerom ya gwada taron da shigowar tsofaffin jarumawan Roma daga yaƙi, irin su Sipiyo da Pompi, ya ga nata ya fi. Littafin nan na zango 42 kuwa bai kai hannunta ba. Bayan an binne ta Jerom ya haɗa shi da wasiƙar ta'aziyya, ya aika wa Oseyanus, da sunanta a kai.