Ibn Nafis, Likitan da Ya Gano Hanyar Jini

An haifi Aliyu ɗan Abul Hazmi, wanda aka fi sani da Ibn Nafis, a yankin Dimashƙa wajen shekarar 1213. A asibitin Nuri ya koyi aikin likita a hannun malaminsa Dakhwar, sa'an nan ya ƙaura zuwa Alƙahira. Ban da likitanci kuma, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya.

Abin da likitocin zamaninsa suka gada daga Jalinus, Ibn Sina ma ya bi, shi ne wai jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani. An yi shekara wajen dubu a kan haka. Shi kuwa Ibn Nafis, cikin sharhin da ya yi wa littafin Ƙanun wajen 1242, sai ya nuna shingen nan mai kauri ne, ba shi da kafa ko ɗaya. Tilas jinin ya fita ta dama, ya bi ta huhu ya gauraya da iska, kana ya komo ta hagu. Matashi ya ja da Ibn Sina a lokacin, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Ya rasu a Alƙahira a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri. Daga baya maganar ta shige duhu, yabon ya koma kan Turawa irin su William Harvey na Ingila, wanda ya bayyana zagayawar jini a 1628. Sai a 1924 wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin Tatawi, ya fito da sharhin daga wani ɗakin karatu na Berlin.

Tun daga shekarun 1980, na'urar maganaɗisu ta MRI tana auna gudun jini ba tare da an tsaga mutum ba, domin alamar da jini mai tafiya yake bayarwa tana sauyawa gwargwadon saurinsa. Likita yakan gwada yawan jinin da ya nufi huhu da wanda ya nufi sauran jiki. In na huhu ya rinjaya ainun, sai ya yi zaton ɓula, kamar yadda mai lambu a fadamar Dambatta yake gane kwalbati ya fashe in ruwa ya ragu a fangalinsa. Watau kafar da Jalinus ya ɗora wa kowa, a zuciya mai naƙasa kaɗai ake samunta.