Paul Lauterbur: Masanin da ya aza harsashin na'urar MRI

An haifi Paul Lauterbur ranar 6 ga Mayu, 1929, a garin Sidney na jihar Ohio a Amurka. Masanin sinadarai ne, ba likita ba, amma bincikensa ne tushen na'urar MRI da asibitoci ke duba ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi da ita ba tare da an yanka majinyaci ba.

Kafin shi, masana kan yi amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo su gane sinadaran da ke cikin abu, sai dai ba sa sanin daga inda saƙon ya fito. A 1971 ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga gefe zuwa gefe, kowane wuri zai ba da amsa tasa, a haɗa su a fitar da hoto.

Hotonsa na farko na ƙananan bututu biyu ne masu ruwa. Mujallar Nature ta ƙi buga binciken da farko. Ya nace, ta buga shi a 1973. Mahaƙurci mawadaci: a 2003 ya samu kyautar Nobel tare da Peter Mansfield na Ingila.

Ya rasu ranar 27 ga Maris, 2007, a Urbana ta jihar Illinois. Har yanzu, babban taron shekara-shekara na ƙungiyar masana MRI ta duniya yana gabatar da lacca mai ɗauke da sunansa.