WILIYAM HERSHEL, MAKAƊIN DA YA GANO DUNIYA TA BAKWAI

An haifi Wiliyam Hershel a birnin Hanoba, ƙasar Jamus, cikin shekara ta 1738. Mahaifinsa mai busa ne a rundunar soja, shi ma ya gaji sana'ar. A 1757 ya ƙaura zuwa Ingila, a 1766 kuma ya zauna garin Bat, inda ya zama makaɗin coci da malamin kiɗa. Har ya kai shekara 34 bai taɓa zama gaban wani malamin ilmin taurari ba.

A shekara ta 1773 ne sha'awar sararin sama ta kama shi. Ya sayi littattafai, yana karantawa da dare bayan ya sallami almajiransa. Daga nan ya ƙudurta sai ya ga abin da littattafan ke faɗi da idonsa. Amma wace na'urar hangen nesa ya kamata ɗan koyo ya fara da ita?

A zamanin nan iri biyu ake da su. Ta farko gilashi ne a bakinta, haske na ratsa shi ya taru wuri guda. Ta biyu madubi ne mai lotsawa a gindinta, shi ke tattara hasken ya maido shi ga ido. Hershel ya fara da ta gilashi. Ya sayo gilasai, ƙanwarsa Karolina ta naɗa masa bututu na kwali. Sai dai irin wannan gilashi yana warwatsa launuka, maganin haka kuwa shi ne a tsawaita bututu. Ya yi ta ƙara tsawo har na'urar ta gagari riƙo, kafin ya saita ta tauraro ya gota.

Ganin haka sai ya yi hayar wata ƴar ƙaramar na'ura mai madubi, tsawonta kimanin santimetir 60. Ya tarar tana da sauƙin ɗauka da juyawa. Ya so ya sayi babbarta, kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa. Don haka ya sayi kayan aikin wani maƙwabci da ya taɓa gwada sana'ar, ya shiga ƙera madubi da kansa.

Madubin wancan lokaci na ƙarfe ne: a narka jan ƙarfe da kuza, a zuba, a yi ta gogewa da hannu har fuskar ta lotsa daidai. Kuskure kaɗan ya isa ya ɓata aikin makonni. Ɗakunan gidansa suka koma maƙera. Wata rana ya yi awa 16 bai ɗaga hannu daga madubi ba, Karolina ce ke sa masa abinci a baki. A watan Maris na 1774 ya buɗe littafin da yake rubuta abin da ya gani, ya fara da zoben duniyar Zuhal.

Abin da ya fahimta shi ne, ƙarfin na'ura yana ga faɗin madubinta da kyan gogewarsa, domin madubi mai faɗi ya fi tara haske. Daren 13 ga Maris 1781, a bayan gidansa, da na'ura mai tsawon metir 2 da madubin da bai wuce santimetir 16 ba, ya hangi wani abu da bai yi kama da sauran taurari ba. Ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne. Da masana suka yi lissafin tafiyarsa, sai ta tabbata duniya ce mai kewaya rana, ta bakwai a jeri, wadda ake kira Uranus. Ita ce ta farko da aka gano da na'ura. A 1782 Sarki Jorji na 3 ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya bar kiɗa.

A 1789 ya gama wata ƙatuwar na'ura mai tsawon metir 12, faɗin madubinta metir 1 da santimetir 20. Ba ta da na biyu a duniya, mutane na zuwa kallonta daga nesa. Amma juya ta sai da ma'aikata, madubinta kuma yana saurin dushewa. Yawancin aikinsa da matsakaiciya mai metir 6 ya yi shi. Da ita shi da Karolina suka jera wajen curin taurari da gajimaren sama 2.500. Karolina kuwa, da ƙananan na'urorinta, ta gano taurari masu wutsiya 8.

Hershel ya rasu a garin Silau cikin 1822, yana da shekara 83. Duk mai niyyar fara duban taurari yana da abin koyi a tarihinsa: ya gwada ta haya ko ta aro kafin ya saya, ya dubi faɗin madubi kafin tsawon bututu, ya kuma zaɓi wadda zai iya fitarwa shi kaɗai kowane dare.