Tenzing Norgay (1914-1986): Ɗan Dakon da Ya Taka Ƙololuwar Duniya

Gabatarwa

A farkon ƙarni na ashirin, duk ayarin Turawa da ya nufi manyan duwatsun Himalaya a kan kafaɗar 'yan ƙasa yake tafiya. Su ke ɗaukar kaya, su kafa tanti, su dafa abinci, su sare matakala a jikin ƙanƙara. Amma idan an zo rubuta tarihi, sai a ambaci sunan masu ayari, a manta da nasu, wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tenzing Norgay na cikin mutanen farko da suka karya wannan al'ada. Ya fara da dako, ya zama madugu, daga bisani ya zama ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara taka ƙololuwar Ebarest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, wanda awon shekarar 2020 ya nuna tsayinsa ya kai mita 8,848.86.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Tenzing a wajejen watan Mayu na shekarar 1914. Masana sun saɓa a kan mahaifarsa: wasu sun ce yankin Khumbu ne na ƙasar Nefal, wasu kuma sun ce a Tibet aka haife shi, daga baya iyayensa suka ƙaura zuwa Khumbu. A can dai ya tashi cikin al'ummar Sherpa, mabiya addinin Buda waɗanda suka saba da zama a kan tuddai masu tsananin sanyi. Sunansa na yanka Namgyal Wangdi, amma aka sauya masa bisa shawarar wani babban malamin addininsu. Mahaifinsa makiyayi ne, yana kiwon yak, wani irin sa mai yawan gashi da ke jure sanyi. Shi ne na 11 cikin 'ya'ya 13, kuma bai yi karatun boko ba. Har ya bar duniya bai iya karatu da rubutu ba, duk da cewa yana jin harsuna da dama.

Yana ɗan shekara 19 ya koma Darjeeling ta ƙasar Indiya, domin a wancan zamani a nan ne ayarorin hawan dutse suke ɗaukar 'yan dako.

Daga Dako Zuwa Madugu

A shekarar 1935 Eric Shipton, wani Baturen Ingila, ya ɗauke shi cikin ayarin da ya je duba hanyar Ebarest ta ɓangaren arewa, wato ta Tibet. Ya sake bin ayarin Ingila a 1936 da 1938, inda a tafiyar ƙarshe ya kai kaya sama da mita 8,000. Aikin ba na wasa ba ne. A irin wannan tsayi iska takan yi ƙaranci, har abin da mutum yake shaƙa a ƙololuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a bakin teku ba. Ga sanyin da ke kashe yatsu, ga guguwa, ga ramuka masu zurfi da dusar ƙanƙara take rufe bakinsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da hawan dutse, sai Tenzing ya zauna a Chitral, wadda a yau take cikin Pakistan. A can matarsa ta fari ta rasu a 1944. A 1947 ya raka Earl Denman, wanda ya shiga Tibet a ɓoye da nufin hawa Ebarest ba tare da isassun kayan aiki ba, amma guguwa ta komo da su. A wannan shekara ce kuma ya fara riƙe muƙamin sirdar, wato madugun 'yan dako, a wani ayarin mutanen Suwizalan. Aikin madugu shi ne ɗaukar ma'aikata, da raba kaya, da sasanta tsakanin masu ayari da 'yan ƙasa, sannan shi ma ya hau dutsen.

Bayan an rufe Tibet, Nefal kuma ta buɗe ƙofarta ga baƙi, sai hanya ta koma ta kudu. A 1952 Tenzing ya bi ayarin Suwizalan sau biyu. A nan ne aka fara ɗaukarsa a matsayin cikakken abokin hawa. Shi da Raymond Lambert sun kwana a kusan mita 8,400 ba su da jakar barci, ba su da murhu, da kyandir suka narkar da ƙanƙarar da suka sha. Kashegari, ranar 28 ga Mayu, suka kai kimanin mita 8,595, tsayin da ba a taɓa sanin wani ya kai ba, kafin ƙarfinsu ya ƙare su juyo.

Tafiyar Shekarar 1953

Ayarin Ingila na 1953 yana ƙarƙashin jagorancin Kanar John Hunt. Ya ƙunshi 'yan dako sama da 350 da 'yan Sherpa kimanin 20 masu kai kaya can sama, Tenzing kuma shi ne madugunsu. Wannan ne zuwansa na bakwai, don haka babu wanda ya kai shi sanin dutsen a cikin ayarin. Dabarar ita ce a riƙa kafa zango bayan zango, ana tura abinci da tukwanen iskar shaƙa gaba, har a kai mutum biyu kusa da ƙololuwa.

Tun a ƙasa aka ga jininsa ya haɗu da na Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga Niw Zilan. Wata rana ƙanƙara ta rufta da Hillary cikin rami, Tenzing ya yi wuf ya ɗaure igiyar da ta haɗa su, ya tsayar da shi. Ranar 26 ga Mayu Tom Bourdillon da Charles Evans suka yi yunƙurin farko, suka kai ƙololuwar kudu, amma gajiya da matsalar na'urar iska suka sa suka juyo. Sai layi ya zo kan Tenzing da Hillary. Suka kwana a kusan mita 8,500, da safe suka kama hanya, suka haye wani bangon dutse mai tsayin kimanin mita 12 wanda daga baya aka sa masa sunan Hillary. Da ƙarfe 11:30 na safiyar 29 ga Mayu, 1953, suka tsaya a kan ƙololuwa.

Minti 15 kawai suka yi. Tenzing ya binne alewa da biskit da wani fensiri da 'yarsa ta ba shi, a matsayin sadaka bisa addininsa. Hillary ya ɗauke shi hoto yana ɗage da gatarin ƙanƙara mai ɗauke da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nefal da Indiya.

Bayan Nasara

Labarin ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Murna ba ta daɗe ba siyasa ta shigo. Nefal da Indiya kowacce ta ce nata ne, jama'a kuma suka matsa sai sun ji wanda ya riga taka ƙololuwar. An ba Hunt da Hillary sarautar Sir, shi kuwa aka ba shi lambar George, bambancin da mutane da yawa suka ɗauka rashin adalci ne. Duk da haka, a littafin tarihinsa na 1955 Tenzing ya bayyana cewa Hillary ne ya fara sa ƙafa, shi yana biye, alhali da ya yi shiru da ɗaukakarsa ta ƙaru a idon mutanensa.

A 1954 aka kafa Cibiyar Koyon Hawan Dutse ta Himalaya a Darjeeling, aka naɗa shi daraktan horarwa. Ya shafe shekaru yana koya wa matasa sana'ar da shi da wahala ya koye ta. Indiya ta ba shi lambar Padma Bhushan a 1959, a 1978 kuma ya kafa kamfaninsa na raka matafiya. Ya rasu a Darjeeling ranar 9 ga Mayu, 1986. Ɗansa Jamling ya hau Ebarest a 1996, a 2008 kuma aka sa wa filin jirgin saman Lukla sunan Tenzing da Hillary.

Kammalawa

Rayuwar Tenzing ta sauya yadda duniya take kallon 'yan Sherpa, daga masu ɗaukar kaya zuwa ƙwararrun jagorori. Har yanzu su ne ke ɗaura igiyoyi da shimfiɗa tsani a hanyar Ebarest kafin baƙi su bi, kuma su ne suka fi daɗewa a wuraren haɗari: a Afrilun 2014 zaftarewar ƙanƙara ta hallaka ma'aikatan Nefal 16 a rana guda. Saboda haka batun haƙƙin ɗan dako, wanda rayuwar Tenzing ta fito da shi fili, bai gushe ba.