Eve Lavallière: Tauraruwar Dandamalin Faris

'Yan'uwa, mu da ke zaune a Zariya mun san wasan kwaikwayo, daga tashen yara a lungunan birni har zuwa dandalin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mun kuma san irin kallon da ake yi wa mace in ta hau dandamali: a tafa mata da dare, a ci namanta da safe. Matar da muka kawo tarihinta a wannan fitowa ta sha duka biyun.

An haifi Eugénie Fenoglio a Tulon, kudancin Faransa, ran 1 ga Afrilu 1866. Mahaifinta tela ne, mashayi, mai zafin zuciya. A shekara ta 1884, tana gab da cika goma sha takwas, ya harbi uwarta a gabanta, sa'an nan ya harbe kansa. Marainiyar ta gaji da zaman hannun dangi, ta nufi Faris, ta fara waƙa a ƙananan gidajen shaƙatawa. A nan ta ɗauki sunan Lavallière, sunan wata ƙwarƙwarar Sarki Luwi na 14 wadda a ƙarshe ta bar fada ta shiga zuhudun Karmel.

A gidan wasa na Variétés tauraronta ya haska. Gwanar ban dariya ce, mai saurin baki da ƙwayar ido mai magana. A wasanni irin su Miquette et sa mère na 1906 da Le Roi na 1908, attajirai da sarakunan Turai sukan zo musamman don su gan ta. Ba za mu ce sana'ar ce laifinta ba, gama baiwa ce aka ba ta, ta kuwa yi mata wahala. Amma bayan an sauke labule, ba ta da kwanciyar rai. Ta zauna da shugaban gidan wasan, Fernand Samuel, ba tare da aure ba, suka haifi 'ya ɗaya, Jeanne, wadda ta zama mata abin baƙin ciki har ƙarshen ranta.

A shekara ta 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kama hayar wani gida a ƙauyen Chanceaux kusa da Tours, domin ta huta kafin tafiya wasa Amurka. Fadan ƙauyen, Chasteigner, ya lura ba ta zo Misa ran Lahadi ba, ya kuwa gaya mata ba kwana-kwana. Daga baya ya ba ta littafi a kan Maryamu Magadaliya. A watan Yuni na wannan shekara ta furta zunubanta, ta karɓi Jibin Ubangiji tare da mai yi mata hidima, Léona. Ta fasa tafiya Amurka, ba ta sake hawa dandamali ba.

Masu ba da labarinta sukan tsaya a nan, mu kuwa a ganinmu nan ne wuyar ta fara. Ta so shiga Karmel kamar mai sunanta, amma gida bayan gida aka ƙi ta: ga rashin lafiya, ga 'ya, ga sunan da zai jawo 'yan jarida bakin ƙofa. Matar da Faris ke rububin gani ta yi shekaru tana yawo ba mai karɓarta, ta daɗe a Lourdes tana jira. A 1920 ta shiga rukuni na uku na Waliyyi Faransis, wato na waɗanda ke bin ƙa'idarsa suna zaune a gidajensu.

Wanda ya ba ta aiki shi ne Alexis Lemaître, Babban Bishop na Kartaj, wanda a dā ya yi bishop a ƙasar da ake kira Mali yanzu. Ta ƙetare zuwa Tunisiya tana jiyyar marasa lafiya da yaran talakawa, har jikinta ya gaza, ta komo Faransa.

Sauran kwanakinta ta yi su a ƙauyen Thuillières, cikin ɗan gidan da ta raɗa wa suna Betanya, galibi a kwance, Léona na kula da ita. Ta rasu ran 10 ga Yuli 1929, tana da shekara 63. A ƙauyen aka binne ta, kusa da majami'a.